Maƙabartar Dawakin Sukuwa a Kentaki: Daga Ferdinand Zuwa Zippy Chippy

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rumfar PMU a Yamai ko Maradi ya ga yadda sunan doki yake shiga bakin mutane da safe, a yi ta gardama a kansa har a buga tsere a can Faransa, kafin magariba kuma an manta da shi. Ba safai ake tambayar inda waɗannan dawaki suke ƙarewa ba. Alhali lissafin a fili yake: dokin sukuwa na Turai da Amurka yakan shiga fage yana ɗan shekara 2 ko 3, akasari ya fita kafin ya kai 7, amma yana iya rayuwa shekara 25 har zuwa 30. Wato bayan tafi da guɗa akwai sauran wajen shekara 20 na ciyarwa da magani da gyaran kofato, a kan dabbar da ta daina kawo ko dala.

Exceller na cikin waɗanda wannan lissafi ya ci. An haife shi a jihar Kentaki a 1973, attajirin nan Nelson Bunker Hunt ya kai shi Faransa, inda ya ci Grand Prix de Paris a 1976. Da ya koma Amurka, a watan Oktoba na 1978 a filin Belmont, sai ya yi abin da wani doki bai sake yi ba: a tsere ɗaya ya ka da Seattle Slew da Affirmed, waɗanda kowanensu ya riga ya haɗa manyan kambuna uku na ƙasar, wato Derby da Preakness da Belmont. Amma ƴaƴan da ya haifa ba su gaje shi ba. Darajarsa ta yi ta zubewa har aka sayar da shi zuwa ƙasar Suwed a 1991. Mai shi na can ya karye, kuma ran 7 ga Afrilu 1997 aka ja Exceller zuwa mahauta. Shekara 2 bayan haka aka shigar da sunansa zauren girmama gwarzayen sukuwa na Amurka, yabon da ya iske babu ko kabarin da za a kai wa.

Labarin Ferdinand ya fi girgiza mutane, domin shi kowa ya san shi. Jan doki ne, jikan Northern Dancer, wanda ya ci Derby na Kentaki a 1986 da Bill Shoemaker a bayansa, mahayin yana da shekara 54, mai horonsa Charlie Whittingham kuwa yana da 73. (Waɗannan mutane biyu, abin mamaki, su ne dai suka kai Exceller ga nasararsa ta 1978.) A 1987 Ferdinand ya sha gaban Alysheba da ɗan tsinin hanci a babban tseren Breeders' Cup, aka naɗa shi dokin shekara, abin da ya tara a fage kuma ya haura dala miliyon 3 da rabi. Daga nan sai aka maimaita tarihi. Ya zauna a gonar Claiborne ana kawo masa goɗiyoyi, ƴaƴan ba su yi abin kirki ba, a 1994 aka sayar da shi ga masu kiwo a tsibirin Hokkaido na Japon. Can ma goɗiyoyin suka yi ta raguwa shekara bayan shekara, har ya faɗa hannun dillali. Da iyalin da suka yi kiwonsa tun yana dukushi suka nemi labarinsa don su dawo da shi gida, sai wata ƴar jarida, Barbara Bayer, ta bi sawu. Abin da ta buga a mujallar The Blood-Horse a watan Yuli na 2003 shi ne cewa an riga an kawar da Ferdinand tun 2002, kuma duk alamu sun nuna mahauta.

Ya kamata mai karatu ya lura da inda laifin yake. Mu nan, da yake mazhabar Malikiyya ba ta saki jiki da naman doki ba, jin an yanka doki kawai ya isa ya ta da mana hankali. Amma Faransawa sun halatta sayar da naman doki tun 1866, a Japon ma ana cinsa, kuma ba abin kunya ba ne a wurinsu. A ganina abin da ya fi muni ya faru ne tun a Kentaki, ranar da aka sa hannu a takardar ciniki ba tare da wani ya rubuta layi ɗaya a kan makomar dokin idan amfaninsa ya ƙare ba. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta, daga baya aka ɗora wa baƙo laifin tsintar kwauren.

A cikin wannan shekara ta 2003 ne Michael Blowen, wanda ya yi rayuwarsa yana sharhin fina-finai a jaridar Boston Globe, ya kafa gidan hutun dawaki mai suna Old Friends, wato tsofaffin abokai, shi da matarsa Diane White. Da fili na haya suka fara. Akwai ƙungiyoyin da suka riga su, kamar wadda tun 1984 take kai tsofaffin dawaki gidan kaso na Wallkill a jihar New York don ƴan fursuna su koyi kiwo, sai dai galibinsu ba su karɓar ingarmu, saboda ingarma ba ya zama da ɗan'uwansa a shinge ɗaya, kowane sai da filinsa. Blowen ya ce a kawo. A 2004 aka sauke Sunshine Forever da Creator daga Japon, shi Creator ɗin kuwa masu bin tseren Faransa za su tuna shi da cin Prix Ganay a 1990. A 2006 gidan ya samu gonarsa ta kansa kusa da garin Georgetown.

Gidan da ke tara tsofaffi dole ya saba da binnewa. Al'adar masu kiwo ta dā ita ce a binne kai da zuciya da kofatai kaɗai na doki mai daraja, sai ƙalilan irin su Man o' War a 1947 da Secretariat a 1989 aka rufe su ɗungum. A Old Friends kowane doki yana da alamarsa a maƙabarta da sunansa a rubuce, kuma gidan ya mai da shi al'ada a taru a ƙarshen watan Mayu, ranar da Amurkawa ke tuna mamatansu na yaƙi, a ambaci waɗanda suka mutu cikin shekara ɗaya bayan ɗaya. Precisionist na cikin na farko, a 2006. Black Tie Affair, dokin shekara na 1991, ya bi shi a 2010. Sunshine Forever a 2014. Gulch a 2016, yana da shekara 32.

Biyu daga cikinsu sun cancanci a ɗan dakata. Charismatic ya ci Derby da Preakness a 1999, saura kambu ɗaya. A Belmont ƙafarsa ta gaba ta karye dab da ƙarshen tsere, ya zo na uku, sai mahayinsa Chris Antley ya diro, ya rungume ƙafar ya ɗaga ta sama har likitoci suka iso, kuma masana da dama sun ce wannan riƙo ne ya ceci ransa. Shi ma Japon aka kai shi. Bayan shekara 14 aka dawo da shi a watan Disamba na 2016, aka yi ta murna, ran 19 ga Fabrairu 2017 aka iske shi a mace a bargarsa, ƙashin ƙugu ya tsage jini ya zuba ciki. Duk kuɗin jirgi da na killacewa da aka kashe, ƙasa da wata 3 suka saya masa. Mai lissafi zai ce asara ce. Ni ban ga haka ba, domin ba a san ranar ba sa'ad da aka biya.

War Emblem kuwa akawal ne mai baƙin hali, na Yarima Ahmed bin Salman na Saudiyya, wanda ya ci Derby da Preakness a 2002. Masu kiwon Japon sun saye shi wajen dala miliyon 17, sai ya ƙi yawancin goɗiyoyin da aka kawo masa, ya bar su da ƴaƴa kaɗan. Da a zamanin Ferdinand ne, an san inda irin wannan taurin kai yake kai doki. Shi an dawo da shi a 2015, ya yi fiye da shekara 4 yana kai wa baƙi cizo ta saman shinge, ya mutu a watan Maris na 2020.

Kada dai a ɗauka maƙabartar ta rufe maganar. Gaskiya ne an samu gyara: masu sayar da ingarmu waje sun fara rubuta sharaɗin sake saye a takardunsu, masu dawaki a New York sun buɗe asusun gudummawa da sunan Ferdinand, a 2012 kuma aka kafa Thoroughbred Aftercare Alliance don tantance gidajen hutu da ba su tallafi. Amma da aka rufe mahautan dawaki na ƙarshe a Amurka a 2007, manyan motoci sun juya ne kawai zuwa Kanada da Meksiko, inda a 2012 aka tsallakar da dawaki iri-iri fiye da 100,000, ko da yake adadin ya ragu ƙwarai daga baya. Gida mai ɗaukar ƴan ɗaruruwa ba zai shanye wannan ba. Kuma gudummawa suna take bi: mai ziyara don wanda ya ci Derby yake biyan kuɗin shiga, sauran suna cin harawa ne a inuwarsa.

Shi ya sa labarin Zippy Chippy ya fita daban. Shi ma jikan Northern Dancer ne, kamar Ferdinand. Mai horonsa Felix Monserrate ya same shi a 1995 ta hanyar musaya da tsohuwar mota. Ya shiga tsere sau 100 bai ci ko ɗaya ba, har filin Finger Lakes ya hana shi shiga a 1998 saboda yakan tsaya cak idan an buɗe ƙofa. Duk abin da ya tara bai wuce wajen dala 30,000 ba. A 2010 reshen Old Friends na Cabin Creek a jihar New York ya karɓe shi, mutane suka riƙa zuwa kallonsa, kuɗin da suka bari yana ciyar da dawakin da suka fi shi gudu. Ya mutu a watan Afrilu na 2022 yana da shekara 31. Ferdinand yana da 19 sa'ad da aka soke sunansa daga rajistar Japon.