Finafinan Soja na Harshen Malayalam

A Zangon Lome, kamar a sauran zanguna daga Kwatano har Kumasi, duk fim ɗin da ya fito daga Indiya sunansa ɗaya ne: fim ɗin Indiya. Tun da kamfanoni irin su Algaita a Kano suka fara juya su zuwa Hausa, suna yawo a waya da YouTube, sai bambancin ya ƙara ɓacewa, don kowane jarumi da Hausa yake magana. Alhali masana'antun suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta harshen Malayalam, harshen jihar Kerala da ke kudu maso yammacin ƙasar, mai masu magana kusan miliyan 35. Fim ɗinsu na farko mai magana, Balan, ya fito a 1938.

An fi sanin wannan masana'anta da labaran iyali da na talakawa, amma tana da reshe na finafinan soja masu harbe-harbe da ɗaga hankali. Darakta Joshiy ya share fage da Nair Saab a 1989 da Sainyam a 1994, dukansu da jarumi Mammootty. Sai dai wanda ya mai da abin sana'arsa shi ne Manjo Ravi, tsohon hafsan sojan Indiya da ya ajiye kaki ya koma bayan kyamara.

Ravi na cikin sojojin kundumbala da suka yi farautar waɗanda suka kashe tsohon firaminista Rajiv Gandhi a watan Mayun 1991. Wannan farautar ce ya mayar fim a 2007, mai suna Mission 90 Days. Abin da ke jan mai kallo a ayyukansa ke nan: yadda ake ba da umarni, yadda ake riƙe bindiga, zaman jira a bariki, duk wanda ya yi aikin ne ya tsara su.

Sunansa ya fito ne da Keerthi Chakra a 2006, inda Mohanlal ya fito a matsayin Manjo Mahadevan, mai yaƙi da 'yan bindiga a Kashmir. Sunan fim ɗin na wata lambar yabo ce da Indiya ke ba jarumai a lokacin da ba a yaƙi. Mahadevan ya sake dawowa a Kurukshetra a 2008, kan yaƙin Kargil da aka gwabza da Pakistan a 1999, sannan a Kandahar a 2010, wanda aka gina kan fashin jirgin saman Indiya da aka karkatar zuwa Afganistan a Disamban 1999. A nan ne Amitabh Bachchan, wanda Hausawa suka daɗe da sani, ya fara fitowa a fim ɗin Malayalam, ko da yake zuwansa bai sa fim ɗin ya yi kasuwa ba. A 2009 rundunar sojan sa-kai ta Indiya ta ba Mohanlal muƙamin Laftanar Kanar na girmamawa.

Akwai abin lura. A zahiri, fashin jirgin ya ƙare ne bayan gwamnatin Indiya ta saki fursunoni uku, ba da bajintar wani soja ba. Finafinan na kishin ƙasa ne, daga ɓangare ɗaya suke ba da labari, kuma abokin gaba sau da yawa Musulmi ne. Mai kallo a Zango da ba shi da wata kafar sanin rikicin Kashmir bai kamata ya ɗauke su a matsayin tarihi ba.

Wanda ya fita daban shi ne Picket 43 na 2015. Prithviraj ya fito a matsayin sojan da aka bari shi kaɗai da karensa a wani shingen tsaro cikin ƙanƙarar Kashmir. A ɗaya gefen iyakar akwai sojan Pakistan, wanda Javed Jaffrey ya fito a matsayinsa, shi ma shi kaɗai. Kaɗaici da sanyi suka sa suka fara gaisawa, har abota ta ƙullu. Harbin ba shi da yawa, tafiyar labarin a hankali take, wataƙila masu son faɗa su ƙosa. Amma ga wanda ke da 'yan uwa a Aflawo, da iyakar Gana ta raba su da Lome, shi ne ya fi cancanta a fara nema. Bayansa sai 1971: Beyond Borders na 2017, kan yaƙin Indiya da Pakistan na wannan shekarar, wanda shi ma ya ba hafsan Pakistan mutuncinsa.