Lambar da ke cikin cikin Play 2

Yau tarihin Play 2 muka kawo, wadda yaranmu ke buga ƙwallo da ita a rumfunan wasa.

Kamfanin Sony ya fito da mai kaurin a Japan a 2000. A 2004 siririya ta zo da lamba SCPH-70000, a 2007 sai 90000. Duk tsawon shekarun nan ana ta sake allon da ke ciki, ko da jiki bai canza ba. Kowane allo da lambarsa mai farawa da GH.

To, ina ruwanmu? Waɗanda ke iso mana na hannu ne, wata ma an sake mata riga. Takardar baya na iya yin ƙarya, allo ba ya yi, kuma da lambarsa mai gyara ke nemo kayan da suka dace.

Mai kauri kuwa, in lambar SCPH ta ƙare da 1, ta Amurka ce, kuran 120 take sha. Ka jona ta a 220 namu, jarinka ya ƙone. Mai ƙarewa da 4 ta Turai ce, ita ke jure wutarmu. Kafin mu biya, a buɗe mana mu gani.