Daga Aji zuwa Jami'a: Matsayin Bincike a Tsara Manhajar Sakandare a Maraɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba giɓin da ke tsakanin abin da ɗalibi ke koya a lise (babbar sakandare) da abin da shekarar farko ta jami'a ke nema a wurinsa, ta ɗauki birnin Maraɗi da garuruwan Tibiri da Jiratawa a matsayin fagen nazari. Ta dogara kan dokokin ilimi na Nijar da sakamakon gwajin PASEC mai auna ƙwazon yaran firamare. Hujjarta ita ce manhajar da ba ta jin labarin ɗalibanta bayan sun bar aji ba za ta iya gyara kanta ba.

Tushen matsala

Kafin 2010, ɗan Maraɗi da ya ci jarabawar Bak ta kammala sakandare galibi sai ya nufi Yamai ko ƙetare. A shekarar aka kafa jami'a a garin, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, tana koyar da kimiyya da aikin gona da kiwon lafiya. Nisan tafiya ya ragu, amma nisan karatu yana nan.

Ɓarakar tun daga firamare take. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na yaran Nijar da ke kammala firamare ne suka kai matakin da ake so a karatu. An samu ci gaba a 2019, duk da haka mafi yawansu ba su kai ba. Yaron da ya wuce a haka haddar darasi yake yi da Faransanci har ajin ƙarshe, kuma hadda kan fid da mutum a jarabawa. A jami'a, inda tsarin digiri na LMD ke so ɗalibi ya nemi littafi da kansa, ya auna, ya rubuta rahoto, nan haddar ke tsayawa.

Tattaunawa

Nijar ba baƙuwa ba ce a koyarwa da harshen gida. An buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta LOSEN ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, sannan a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin takaici, wannan gogewa ta fi tsayawa a firamare, alhali a lise ne kalmomin kimiyya ke fara nauyi.

Ga kuma kayan aiki a kusa. Fadamar Jiratawa tana da rijiyoyin burtsatse da magudanan ban ruwa, ana noman zogale da kayan lambu. Cibiyar binciken aikin gona ta INRAN tana Tarna, kusa da Maraɗi. Ɗalibin sashen kimiyya na D da ya auna yawan ruwan da fegi guda ke sha a mako, ya zana jadawali, ya kare sakamakonsa gaban aji, ya riga ya ɗanɗana aikin tsangayar aikin gona. Ɗan Tibiri kuwa yana da Gulbin Maraɗi da ambaliyarsa da zai yi nazari a kai.

Matakin farko na gyaran manhajar ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Jami'a ta riƙa tattara makin zangon farko bisa makarantar da kowane ɗalibi ya fito da sashen da ya bi, ta miƙa wa sufetocin sakandare da cibiyar binciken koyarwa ta INDRAP duk shekara, a ga babin lissafi ko na sinadarai da ya fi kayar da ɗalibai, a fara gyara daga can.