Daga Ajin Kankiya Zuwa Jami'ar Cikin Gida

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kano za shi Katsina, ba makawa sai ya ratsa ta Kankiya, ya bar ƙasar Kusada gabas da shi. Matafiyi ya kan ga kasuwa da gonaki ya wuce, bai san cewa wannan ƙasa tana da suna a tarihin ilmin manya ba. To, ga labarin, don masu karatu su san inda aka fito, su kuma ga inda hanya ta kai yau.

Tun kafin zuwan Turawa, neman ilmi da furfura ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Magidanci ya kan gama aikinsa, ya ɗauki littafinsa ya tafi zauren malami, ya zauna har layi ya zo kansa, a biya masa, ya tashi. Ba a tambayarsa shekarunsa, ba a kuma yanka masa ranar gamawa. Abin da ya zo sabo shi ne karatun boko, kuma da ya zo sai aka tsare shi ga yara, yaran ma 'yan kaɗan. Saboda haka manomi ya kan kai gyaɗarsa ko audugarsa kan sikeli, a rubuta abin da aka ga dama, ya karɓi abin da aka ba shi. In an miƙa masa takardar haraji ko wasiƙa ta zo, sai ya nemi mai karanta masa, asirinsa ya zama na mutum biyu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin 1946, Gwamnati ta naɗa wani Bature, Manjo A. J. Carpenter, ya duba yadda za a koya wa manya karatu. Ba a fara da ƙasa duka ba, sai aka zaɓi 'yan wurare don gwaji. A Arewa, cikin waɗanda aka zaɓa akwai Misau, da Zuru, da Abuja ta dā, watau Suleja ta yanzu, da kuma Kankiya. A lokacin nan Alhaji Usman Nagogo ke sarautar Katsina. Watau dai magabatanmu na wannan ƙasa suna cikin na farko da suka zauna a tabarma, da gemunsu, suna haɗa baƙi da wasali.

A cikin watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a kuma wayar da kan talakawa. Daga nan maganar ta ƙara ƙarfi, har aka kafa Yaƙi da Jahilci a dukan Lardunan Arewa. Cikin manyan da suka riƙe wannan aiki akwai mutumin Katsina, Malam Ahmadu Coomassie. Ajin kuwa ba wani gini ne na musamman ba: rumfa ce, ko zaure, ko gindin itace. A kan taru da yamma, galibi da rani bayan an kawar da amfanin gona. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida.

Amma ba da daɗewa ba aka gane wani abu. Mutum ya kan karɓi takardarsa, ya ajiye a akwati, bayan damina biyu in an miƙa masa wasiƙa sai ya tarar karatun ya gudu. Don maganin wannan aka kafa hukumar da a ke kira NORLA a Zariya cikin 1954. Ta yi ta buga ƙananan littattafai masu arha, da jaridun Larduna, irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, har aka rufe ta a 1959. Darasin da aka koya shi ne, koyon karatu bai kai riƙe shi wuya ba, kuma ba ya riƙuwa sai ana aiki da shi kullum.

Sa'ad da a ke wannan, akwai waɗansu manya da suka riga suka iya karatu, suna son ƙari, amma aiki da iyali sun hana su komawa makaranta. Su sai suka kama karatu ta gidan waya. Makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila su kan aiko da darasi cikin ambulan, ɗalibi ya amsa ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo. Ta wannan hanya Obafemi Awolowo ya sami digirin kasuwanci na Jami'ar Landan a 1944, yana nan gida. A 1969 Ingila ta kafa jami'a sukutum don irin waɗannan ɗalibai. A nan kuma, a 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda malaman firamare da yawa suka ƙara ilmi ta hannunta ba tare da sun bar ajinsu ba.

A 1983 Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a dokar kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda a ke kira NOUN. Ba ta yi shekara ba Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984. Ta kwanta har zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka tashe ta a 2002. Shi kansa da ya sauka daga mulki a 2007 sai ya zama ɗalibinta, bai tsaya ba sai da aka ba shi digirin dakta a 2018, yana da shekara 80. Daga 2016 zuwa 2021 kuwa mutumin Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, shi ya shugabance ta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma ta buɗe sashen karatu daga nesa.

Yanzu ambulan ya ba intanet wuri. Ma'aikacin asibiti a Kankiya, ko malamar firamare a Kusada, su kan sauko da littafin darasi a wayar hannu, su yi aikin gida su aika nan take, sa'an nan su tafi cibiyar jami'a a Katsina lokacin jarrabawa. A NOUN aikin gida ke da maki 30 cikin 100, jarrabawa 70. Amma kada a ruɗi kowa: takardar ajin manya ba ta kai mutum jami'a kai tsaye. Sai ya bi mataki mataki har ya ci jarrabawar gama sakandare da kyakkyawan sakamako a darasi 5, cikinsu har da Turanci da Lissafi. Ana kuwa iya yin wannan jarrabawa ba sai an sa kayan makaranta ba.

To, me ke sa wani ya gama, wani ya yar a hanya? In mun duba tarihin nan za mu ga abu uku. Na farko lokaci. Mutanen ajin dā suna da sa'a sananniya, in ta yi kowa ya bar abin da ya ke yi. Jami'ar cikin waya ba ta da ƙararrawa, ba mai kiran suna, don haka sai ɗalibi ya yanka wa kansa lokaci, ko bayan Asuba ko bayan Lisha, ya sanar da iyalinsa. Ya kuma yi lissafin damina tun da wuri, ya rage darussan da zai ɗauka in noma zai kama shi. Na biyu abokai. Wanda ya yi fashi a ajin rumfa, maƙwabcinsa ya kan biyo sawu. Mai karatu shi kaɗai kuwa, in ya gaji ba wanda ya sani. Sai ya nemi mutum biyu ko uku masu irin karatunsa, su riƙa haɗuwa ko da sau ɗaya a mako. Na uku tanadi. Wuta ta kan ɗauke, layin waya ya kan yi rauni, kuɗin rajista ya kan zo lokacin da aljihu ya bushe. Mai hankali ya kan sauko da littattafansa ranar da layi ke da kyau, ya aika da aikinsa kafin wa'adi ya matso, ya ware kuɗin makaranta tun da kaka.

Ya kai mai karatu, da ka karanta wannan da kanka ba wanda ya biya maka, ka riga ka haye mataki mafi wuya. Waɗanda suka zauna a ajin Kankiya shekara tamanin da suka wuce ba su da jami'ar da za su nufa, duk da haka suka zo. Kai kuwa hanya a buɗe ta ke, in ba ka kai ƙarshenta ba, ɗanka ko 'yarka za su ɗora daga inda ka tsaya. Kada dai takardarka ta kwana a akwati. Gemu ba ya hana ilmi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.