"Kalle Ni In Ina Yi Maka Magana": Tarihin Haɗa Ido Da Masu Lalurar Otizim

A gidan Bahaushe, ko a Kano yake, ko a zangon Kumasi, ko a unguwar Birketiri ta Yawunde, ko a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, yaron da babba ke yi wa magana ya sunkuyar da kai shi ne mai tarbiyya. Wanda ya tsare babba da kallo kuwa, sunansa mai tsaurin ido. A Turai da Amurka al'amarin a juye yake. Can, wanda ya ƙi haɗa ido da mai yi masa magana shi ake zargi da ƙarya ko raini. To, akwai wasu bayin Allah da aka shafe shekara 80 ana auna lafiyarsu da wannan mudu na Turawa, su ne masu lalurar otizim. Wasu kafofin labarai na Hausa kan kira ta galahanga, sai dai kalmar ta haɗa laluran ƙwaƙwalwa da dama, shi ya sa muka riƙe sunanta na asibiti. Lalura ce da ake haihuwar mutum da ita, tana shafar yadda yake mu'amala da mutane da yadda yake jin sauti da haske da taɓawa.

Kalmar ta fito ne daga Girkanci, daga kalmar da ke nufin "kai", kuma wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Siwizalan, Eugen Bleuler, ya yi amfani da ita a 1911 yana bayanin wani ciwo daban. A 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta siffanta yara maza shida masu waɗannan ɗabi'u, amma aikinta ya daɗe a kwance ba a waiwaye shi ba. Wanda duniya ta ji shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Baltimore, wanda ya wallafa bayanin yara 11 a 1943, maza takwas mata uku. Ya lura cewa yaran kan shigo ɗaki su nufi kayan wasa, ba sa ɗaga kai su dubi fuskar kowa. Shekara guda bayan haka, Hans Asperger a birnin Viyana na Ostiriya ya rubuta labarin yara maza huɗu, shi ma ya ambaci yadda kallonsu ke zamewa daga fuskar mutum, suna gani da wutsiyar ido.

Likitocin sun ga abin da ya faru, amma fassarar da aka yi masa ta zo da cuta. An ɗauka idon da ya kauce alama ce ta zuciyar da ta rufe ƙofa, kuma aka shiga neman wanda ya sa ta rufe. Laifin ya faɗa kan uwaye mata. Aka ce sanyin zuciyarsu ne ya kori 'ya'yan zuwa cikin kansu, har aka laƙaba musu suna uwaye masu kama da firji. Bruno Bettelheim na Cikago ya yaɗa wannan ra'ayi a littafinsa na 1967. Tun 1964 kuwa Bernard Rimland, masani kuma uban yaro mai lalurar, ya kawo hujjar cewa asalinta a halittar ƙwaƙwalwa yake, kuma binciken da ya biyo baya a kan tagwaye ya nuna gado na da babban kaso a ciki. Kafin gaskiya ta yi halinta, mata da yawa sun sha kukan laifin da ba su yi ba.

A 1966 wasu masana biyu a Okusfod ta Ingila, Corinne Hutt da Christopher Ounsted, sun faɗi wata magana da ta riga zamaninta. Sun lura cewa yaran ba sa gudun jikin mutane, har sukan hau cinya su nemi a ɗauke su, fuska kawai suke kaucewa. Suka ce kawar da ido wata dabara ce ta rage ɗaukar zafin da jikin yaron ke ciki. Sai dai muryar da ta fi ƙarfi a lokacin tana Kalifoniya, wurin Ivar Lovaas, wanda ya ɗauki haɗa ido a matsayin ƙofar duk wani karatu. A zaunar da yaro a kujera, a ce masa "kalle ni", in ya kalla a ba shi ɗan abin ci, a maimaita sau ba adadi. A farkon aikin har da tsawa da mari da jan wutar lantarki, kamar yadda mujallar Life ta nuna da hotuna a 1965. A 1987 ya ba da rahoton cewa yara 9 cikin 19 da aka horar awa 40 a mako sun shiga ajin sauran yara. Daga baya an yi watsi da yawancin hanyoyin azabar, amma darasin "kalle ni" ya zauna a makarantu da gidaje. A duk tsawon wannan lokaci, da wuya a sami wanda ya tambayi yaran me suke ji.

Amsar ta zo ne da yaran suka girma suka ɗauki alƙalami. Temple Grandin ta Amurka ta fitar da tarihin rayuwarta a 1986, Donna Williams ta Ostireliya ta biyo baya a 1992, sannan a 1993 Jim Sinclair ya yi jawabi a wani taro a Toronto yana roƙon iyaye su daina makokin ɗan da yake raye a gabansu. A 2007 John Elder Robison ya sa wa littafinsa suna Look Me in the Eye, wato umarnin da ya tashi yana sha daga manya. Bayanan da irin waɗannan mutane suka bayar sun yi kama da juna. Wani ya ce kallon ƙwayar ido kamar duban rana ne tsaka. Wani ya ce ji yake an kutsa masa cikin sirri. Da yawa suka ce ba za su iya haɗa kallo da sauraro ba: in sun dubi ido, maganar ta tsere musu, in suna son su fahimce ka, sai sun dubi ƙasa ko bango. Ashe yaron da aka ce ba ya saurare, sauraron ne ya sa ya kau da kai.

Na'urori sun zo sun mara musu baya. A 2002 Ami Klin da abokan aikinsa a Jami'ar Yale sun bi sawun idon matasa suna kallon fim, suka ga masu otizim sun fi duban baki, lokacin da suke ba ido kuwa kusan rabin na sauran ne. A 2005 a Jami'ar Wisconsin aka ga cewa iya daɗewar kallon ido, iya tashin amigdala, sashen ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawa idan an hangi haɗari. A 2017 Nouchine Hadjikhani a Boston ta ga makamancin haka lokacin da aka tilasta musu tsayar da kallo a kan ido. A shekarar ne kuma wani bincike a Atlanta kan 'yan shekara biyu ya nuna cewa su ƙananan ba gudun idon suke yi ba, ba su ɗauke shi abin neman labari ba ne. Ke nan dalilin kan bambanta daga mutum zuwa mutum, da kuma daga ƙuruciya zuwa girma.

To, yaya suke yi a tsakiyar mutanen da ke jiran a kalle su? Wasu kan dubi karan hanci, ko tsakanin gira, ko goshi, abokin hira ya ɗauka idonsa ake kallo. Wasu kan bi leɓe, abin da ke taimaka musu kama kalmomi. Wasu kan ƙirga daƙiƙoƙi a zuci, su kalla, su kauce, su dawo. Wasu kan zaɓi hira a gefe da gefe, ana tafiya, ko a mota, ko ana wani aikin hannu. Akwai masu fakewa a bayan baƙin tabarau, akwai kuma masu faɗa tun farko cewa suna ji ko ba su kalla ba. Wanda aka matsa wa ƙwarai yakan zarce ya ƙura ido ba ƙiftawa, a dawo ana cewa ya cika kallo. Binciken da Laura Hull da abokanta suka yi a Landan a 2017 ya nuna tsadar wannan ɓoye kai: gajiya mai tsanani bayan hira, damuwa, da jin mutum ba shi ne kansa ba. An kuma ga mata sun fi iya ɓoyewar, shi ya sa ake makara wajen gane su.

Nan ne tarihin ya iso ƙofar gidanmu. A 1978 Victor Lotter ya ba da rahoton ziyarar ƙasashen Afirka shida, har da Gana da Najeriya, inda ya duba yara fiye da 1,300 a cibiyoyin masu naƙasar ƙwaƙwalwa ya sami 9 kacal. Aka daɗe ana ɗauka lalurar ta Turawa ce. A yau an san tana ko'ina, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ya kai kusan yaro 1 cikin 100. Su kuwa ma'aunan da likitoci ke aiki da su, yawancinsu a Amurka da Ingila aka tsara su, kuma haɗa ido na cikin abin da suke dubawa.

Saboda haka haɗari biyu ne a gabanmu, mu da muke zaune tsakanin al'adar gida da ta makaranta da asibiti. Na farko, ɗanmu lafiyayye mai kunya ya sunkuyar da kai gaban baƙon likita ko malami, a yi masa fassarar da ba tasa ba. Na biyu ya fi muni: kunyarmu ta lulluɓe yaron da ke bukatar taimako, a yi ta yabon ladabinsa har lokacin koyon magana ya wuce, ko a ce aljanu ne, ko sammu, a bar asibiti. Rarrabewar ba ta da wuya ga mai lura. Yaro mai kunya yana sadda kai gaban babba, amma yana kallon uwarsa da tsaransa, yana waiwayowa in an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa ya dubo ka ko ka gani. Idan yaro ya kai wata 18 babu waɗannan, a fara da gwajin ji, sannan a nemi likitan yara.

Muna da wani abu a hannu da wasu suka sha wahala kafin su gano. Mun san ana amsa "na'am" kai a ƙasa, kuma maganar ta shiga. Mun saba da hira a kan tabarma ana ɓarar gyaɗa, ko a dakali kowa na duban hanya. Abin da ya rage shi ne mu miƙa wa mai otizim wannan sauƙi da saninmu, a gida da islamiyya da shago, mu auna fahimtarsa da abin da ya amsa da abin da ya aikata. Donald Triplett, yaro na farko a jerin Kanner, ya rayu a ƙaramin garinsu na Forest a jihar Misisipi, ya yi aiki a banki, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Mutanen garin sun san halinsa, suka zauna da shi a haka. Zangonmu ma ƙaramin gari ne, kowa ya san ɗan kowa.