Tsarin Ɗaukar Ma'aikata da Horar da Su a Ƙananan Masana'antu da Wuraren Sana'a

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin masu ƙananan masana'antu a karkara, kamar injinan casar shinkafa, da gidajen burodi, da gonakin kiwon kaji, da wuraren buga bulo, da ƙungiyoyin mata masu matsar man gyaɗa, haka kuma domin jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni waɗanda ake kawo wa ƙara idan saɓani ya taso tsakanin maigida da yaronsa. Sana'o'i da dama kan durƙushe alhali akwai jari kuma akwai kasuwa, saboda an ɗauki wanda bai dace ba, ko an bar shi ba horo, ko kuwa an tauye masa haƙƙi har zuciyarsa ta fita daga aikin.

Rabon aiki

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da zarar sana'a ta fi ƙarfin mutum guda, wajibi ne a raba aiki, kowa ya san nasa, ya kuma san wanda zai kai wa rahoto. A injin casar shinkafa, alal misali, akwai mai tuƙa inji, da mai awo, da mai kula da sito, da akawu, da leburori, da mai gadi. Muna ba da shawarar kada mutum ɗaya ya haɗa karɓar kuɗi da rubuta lissafi da riƙe makullin sito. Idan aka raba waɗannan uku, littafin kowa zai zama shaida a kan na ɗan'uwansa, kuma mai gaskiya ya tsira daga zargi.

Ɗaukar ma'aikaci

A al'adarmu akan ɗauki yaro ta hannun dangi ko aboki ko mai unguwa. Wannan hanya tana da kyau domin an san asalin mutum, amma sanin asali ba ya nuna iya aiki. Ya kamata maigida ya fara tantance aikin da yake son a yi, sannan ya gana da mai nema, ya gwada shi a kan aikin, ya kuma nemi wanda zai tsaya masa.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa maigida ya bai wa ma'aikaci takarda a rubuce kafin ya wuce wata 3 da fara aiki. Takardar za ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, da irin aikin, da yawan albashi da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin sanarwar rabuwa. Wa'adin da doka ta tsara shi ne kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, da wata 1 ga wanda ya kai shekara 5. Da yawa daga cikin rigingimun da ake kaiwa gaban hakimai sun samo asali ne daga yarjejeniyar baki wadda kowa ke tunawa yadda ta yi masa daɗi.

Horo da koyon sana'a

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonnin farko su ne lokacin nuna wa sabon ma'aikaci yadda ake kunna inji da kashe shi, da hatsarin bel da wutar lantarki, da tsabtar wuri, da yadda ake karɓar mai saye. Zai fi kyau a haɗa shi da tsohon hannu, kada a sake masa inji sai an tabbatar ya iya.

Game da yaran da ke koyon sana'a, doka ta tanadi a rubuta yarjejeniyar, jami'in ƙwadago ya tabbatar da ita, kuma kada wa'adinta ya wuce shekara 5. Muna kira ga iyaye da iyayen gida su fayyace ranar yaye tun farko, da abin da za a sallami yaro da shi, ko kayan aiki ne ko jari.

Akwai hukumomin tarayya da ke taimakawa a wannan fanni. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, an kafa shi a 1971, hedikwatarsa tana Jos. Bisa gyaran doka na 2023, mai ma'aikata 25 ko fiye zai biya asusun kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, takan haɗa matasa da ƙwararrun masu sana'a, ita kuwa hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, tana horar da masu ƙananan sana'o'i kan lissafi da tafiyar da harka.

Haƙƙi da ƙarfafa gwiwa

Babu abin da ke ƙarfafa gwiwar ma'aikaci kamar biyansa cikakke a ranar da aka yi alkawari. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a wata. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ko masu aikin jinga da na kamasho, ko masu ƙwadagon gona na damina, amma ma'auni ce da ya kamata kowa ya duba.

Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki tare da albashi, da hutun jinya har kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Dokar Biyan Diyya ta 2010 ta ɗora wa maigida zuba kashi 1 cikin 100 na albashin wata a asusun NSITF, domin kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar Fansho ta 2014 kuwa ta shafi mai ma'aikata 15 ko fiye, inda maigida ke zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8.

Bayan abin da doka ta ɗora, akwai abin da ɗabi'a ta gari ke jawowa: yabon wanda ya yi ƙoƙari a gaban jama'a, da yi wa mai kuskure faɗa a keɓe, da la'ada idan ciniki ya ƙaru, da ihsani lokacin azumi da salla, da ƙarin matsayi bisa cancanta ko da wanda ya cancanta bare ne.

Kira ga jami'ai

Muna roƙon jami'an raya karkara da shugabannin ƙungiyoyin sana'a su isar da wannan bayani a tarurrukansu. Idan saɓani ya taso, a fara da sulhu a gaban dattawa. In ya gagara, a nufi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiha, daga nan kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda ke da hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki.