Dodon Da Aka Haɗa Da Tumbin Saniya

Furodusoshinmu kan ce rashin kuɗi ne ya hana su taɓa finafinan ƙirƙirar kimiyya. To, mu leƙa Ingila.

A 1953 gidan talbijin na BBC ya nuna wasan Nigel Kneale, The Quatermass Experiment, kashi shida. Kamfanin Hammer, da ke ƙananan finafinai a wani tsohon gida a Bray, ya sayi labarin. Val Guest ya ba da umarni, fim ya fito a 1955. 'Yan sama jannati uku ne suka tafi, ɗaya ya dawo, jikinsa na rikiɗa sannu a hankali.

Kuɗin aikin kusan fam 42,000 ne. Dodon ƙarshe kuwa, Les Bowie ya haɗa shi da roba da tumbin saniya, irin wanda mahautan Kwanar Dangora ke sayarwa kullum! Ni dai fuskar Richard Wordsworth ta fi dodon tsorata ni, kuma da ƙyar ya furta kalma a fim ɗin.

Hukumar tace finafinai ta ba shi shaidar X, wato ban da yara. Hammer suka mayar da ita talla, suka rubuta sunan Xperiment. Cinikin da ya yi ne ya share musu hanyar Dracula a 1958.